Rumbun haya a cikin gajimare: shawara ga mutanen Arlit da Akokan

Ranar 31 ga watan Maris na 2021 kamfanin COMINAK ya tsaida haƙar yuraniyom a ramin Akuta, bayan shekara 43 ana aiki dare da rana a ƙarƙashin ƙasa, zurfin mita 250. Cikin waɗannan shekaru an fitar da wajen tan 75,000 na ma'adinin. Ma'aikata kimanin 600, ban da na ƴan kwangila, suka wayi gari ba aiki. Waɗansu suka tsaya a Akokan, waɗansu kuwa suka ɗaure kaya suka bi hanyar Agadas, daga can kowa ya nufi garinsu, Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. An yi magana mai yawa a kan kuɗin sallama, da asibiti, da tulin turɓayar da aka bari a bayan gari, kuma maganar ta cancanta. Amma akwai wata dukiya da ta watse tare da mutanen nan wadda ba ta shiga lissafin kowa ba, watau hotunansu, da kaset-kaset ɗinsu, da bidiyon bukukuwansu, da muryoyin iyayensu.

Ƴan'uwa masu karatu, a lura da bambancin da ke tsakanin Agadas da Arlit. Agadas tana da masallacinta mai doguwar hasumiya tun ƙarni na 16, tana da fadar Sarkin Abzin, tana da maroƙa da malamai masu riƙe da tarihinta, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan gadon duniya a 2013. Arlit kuwa a 1969 aka kafa ta, a filin da babu komi sai duwatsu da rairayi, domin kamfanin SOMAÏR ya sami wurin zaunar da ma'aikatansa. Ba ta da ganuwa, ba ta da kundin sarauta. Tarihinta yana cikin akwatunan ma'aikata. Gaskiya ne Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya yi fim a kan garin wanda aka nuna a 2005, kuma Amina Weira, ɗiyar wani tsohon ma'aikacin haƙar ma'adini, ta yi nata a 2016. Amma fim biyu ba su isa su ɗauki rayuwar gari guda ba. Ranar suna, da wasan ƙwallon ma'aikata, da karatun tafsiri a azumi, da kiɗan tende a bikin Abzinawa, da hoton yaran lekol a ranar rabon sakamako, duk waɗannan suna hannun waɗanda suka ɗauke su, kuma yawancinsu yau suna cikin salula.

Wani kawuna ya yi shekara 26 yana aiki a can. Da ya dawo gida, jikokinsa suka kwashe masa tsofaffin hotuna da salula, suka haɗa da muryar mahaifiyarsa da ya taɓa ɗauka a kaset, aka zuba duka a cikin memori guda. Kaset ɗin kansa aka bar shi a ɗakin shirgi, zafi ya narkar da shi. Bara memorin ya daina buɗewa. An kai shi wurin masu gyara uku, kowa ya juya shi ya girgiza kai. Tsohon bai yi faɗa da kowa ba, ya dai yi shiru, amma tun daga ranar na fara tambayar waɗanda suka san aikin kwamfuta, ina ne mutum zai aje irin wannan kaya ya kwana da kwanciyar rai.

Amsar da samari suka fi ba ni ita ce: a sa a gajimare. Ni da aikina fassara ne, kalmar nan ta daɗe tana damuna. Turawa ne suka zaɓe ta, mu kuma muka juya ta Hausa yadda take, sai ta sa mai sauraro ya ɗauka kayansa suna can sama, inda wuta ba ta kai, ɓarawo ba ya hawa. Ba haka ba ne. Abin da ake kira gajimare manyan ɗakuna ne a ƙasa, cike da kwamfutoci jere bisa kanta, da na'urorin sanyaya iska, da masu gadi a ƙofa, a Faransa ko Jamus ko Amurka ko Afirka ta Kudu. Suna da mai su. In ka sa hotonka a gajimare, ka sa shi ne a kwamfutar wani.

To, tun da haka ne, hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: a zuba a Facebook, ko YouTube, ko a tura wa dangi ta WhatsApp. Ba a biyan ko dala, kuma ba na cewa a daina. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. WhatsApp yakan matse hoto da bidiyo ya rage musu kyau kafin ya isar da su, kuma in salula ta ɓata ba a yi tanadin kwafi ba, sun tafi ke nan. Facebook da YouTube suna da ikon rufe shafin mutum ko su cire abin da ya sa, bisa ƙa'idodin da su suka rubuta, su ne kuma ke sake su. Google ya yi shekaru yana karɓar hotunan jama'a kyauta ba iyaka, sai ranar 1 ga watan Yuni na 2021 ya ce daga yau duk abin da ya wuce giga 15 sai an biya. Daga watan Disamba na 2023 kuma ya ba kansa ikon share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, kuma asusun mamaci ai ba mai taɓa shi. Kafin nan, a 2019, kamfanin MySpace ya sanar cewa waƙoƙi wajen miliyan 50 da jama'a suka aje a wurinsa tsakanin 2003 da 2015 sun ɓace wajen sauya na'urori. Haƙuri kawai ya ba su. Mutumin da ya zauna a gidan kamfani, ya sha ruwan kamfani, ya kunna wutar kamfani, ya ga ranar da aka rufe ramin, ba ya bukatar in yi masa dogon bayani a kan wannan.

Hanya ta biyu ita ce wadda nake so a duba. Mutum, ko iyali, ko ƙungiya, su yi hayar ƙaramar kwamfuta tasu a cikin ɗaya daga waɗancan manyan ɗakuna. Masana suna kiranta saba. Ni zan kira ta rumbu, domin aikinta ke nan. Kamfanin da ya ba da hayar, nasa shi ne wuta da sanyi da gadi da igiyar intanet. Abin da ke ciki kuwa, da wanda zai shiga, da yadda za a jera kaya, wannan na mai haya ne. Sai a ɗora wa rumbun wata manhaja wadda aikinta shi ne ta jera bidiyo da sauti da hotuna, ta sa musu suna da shekara, ta kuma miƙa su ga duk wanda aka ba mabuɗi. Akwai irinsu da dama. Jellyfin, wadda ta fito a 2018, ba ta kamfani ba ce, masu sa kai ne ke kula da ita, kuma ba a sayenta. Akwai Plex da Emby, waɗanda na kamfanoni ne. In an gama, ɗiyar da ke aure a Tamanrasset, da ɗan da ke karatu a jami'ar Yamai, da tsohon da ya koma Madawa, kowa zai buɗe salularsa, ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, ya kalli bikin da aka yi a Akokan a 1994, ba tare da an turo masa ba, ba tare da ya cika salularsa ba. Bidiyon yana zuwa masa ne kaɗan-kaɗan yana kallo, kamar ruwan famfo, asalin kuwa yana nan cikin rumbu.

Mu ba baƙin wannan al'ada ba ne. Waƙoƙin marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, hannu da hannu suka zaga Abzin a kaset, kowa yana kwafa wa ɗan'uwansa. Da salula ta zo sai aka koma turawa ta Bluetooth da memori, a tasha da fada da bakin kasuwa, kuma ta wannan hanya ce kiɗan Mdou Moctar ya ƙetare hamada har ya shiga wani faifai da aka buga a Amurka a 2011. Jama'armu sun saba riƙe abin sauraronsu a hannunsu. Abin da ya sake shi ne dangi sun yi nisa da juna, memori kuma ba ya tsufa da mutunci kamar takarda, rana ɗaya yake mutuwa.

Wani zai ce, in dai kwamfuta ce, me zai hana a aje ta a ɗaki a nan Arlit, a huta da haya? Tambayar tana da kyau, kuma a wata ƙasa amsarta ita ce a aje. Amma rumbun da dangi za su shiga daga nesa dole ya kasance a kunne dare da rana. Zafin Arlit a watan Mayu da Yuni yana wuce awo 40, ƙura kuwa ba ƙofar da ke tsaida ta, su biyun nan su ne manyan maƙiyan na'ura. Wutar garin daga tashar gawayi ta SONICHAR take zuwa, kusa da Cirozerin, kuma kowa ya san takan ɗauke. Sa'an nan intanet ta salula an yi ta ne domin karɓa fiye da aikawa; in mutum biyar suka nemi bidiyo lokaci ɗaya daga kwamfutar da ke rataye da ita, ba wanda zai ga komi. Ko da Starlink da aka ba izinin aiki a ƙasarmu, wanda ya fara a 2025, matsalar wuta da zafi tana nan. Saboda haka, a halin da garuruwan ma'adini ke ciki, haya ta fi.

Ga lissafin kuɗi a taƙaice. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Ƙaramin rumbu ana samun hayarsa a wajen yuro 5 a wata, watau sefa 3,300, amma wurin ajiyarsa kaɗan ne, sai an ƙara. A ƙiyasta jika shida ko bakwai a wata gaba ɗaya. Giga 100 na ɗaukar hotuna wajen 25,000, ko sauti na awa 1,700, ko bidiyo mai kyau na awa 100. Ga mutum ɗaya mai fansho, jika bakwai kowane wata nauyi ne, kuma ba zan ba shi shawarar ya ɗauka ba. Amma ƙungiyar tsofaffin ma'aikata mai mutum 30, in kowa ya kawo dala hamsin, an biya har da saura. Ƙungiyoyin mata masu adashi sun fi wannan tarawa a mako.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau, domin masu yabon wannan hanya sukan tsallake shi. Rumbun haya, haya ne. Zanen aro ba ya rufe katara. A cikin watan nan na Maris 2021 da aka rufe Akuta, ranar 10 ga wata, gobara ta tashi a ɗakunan kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus, shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Waɗanda suka yi tanadin kwafi a wani wuri suka tashi cikin ƴan kwanaki. Waɗanda suka ɗauka kamfani yana aje musu kwafi, alhali ba su biya wannan ba, suka yi asarar da ba ta da mayarwa. Ita ma manhaja, in ta kamfani ce, tana iya juya maka baya. A watan Oktoba na 2023 Plex ya toshe duk rumbunan da aka yi hayarsu a kamfanin Hetzner na Jamus, domin waɗansu suna sayar da finafinan sata daga can, mai laifi da marar laifi duka abin ya shafa. A watan Afrilu na 2025 kuma ya sa kuɗi ga kallon bidiyonka na kanka daga nesa, abin da a da kyauta ne. Wannan ne dalilin da ya sa na fi karkata ga Jellyfin, ko da yake ta fi wuyar saitawa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Ana biyan hayar nan ne da katin banki, kowane wata, zuwa ƙasar waje. Wanda ya ga yadda hulɗar kuɗi da waje ta yi tsauri lokacin takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka sa wa Nijar daga ƙarshen watan Yuli na 2023 zuwa Fabrairu na 2024, ya san biya na iya tsayawa ba da laifin mai biya ba. Kamfanin haya ba ya sauraron uzuri. In kuɗi ba su shiga ba, bayan ɗan wa'adi zai rufe rumbun, daga baya ya share abin da ke ciki ya ba wani. Hanyar ma tana yankewa. Ranar 14 ga watan Maris na 2024 igiyoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Côte d'Ivoire, ƙasashe da dama na yammacin Afirka suka yi kwanaki cikin wahala. Mu da ba mu da bakin teku, ta ƙasashen maƙwabta igiyarmu ke bi.

Saboda haka sharaɗina shi ne wannan: kada abin da ke cikin rumbun haya ya zama shi kaɗai ne. Manomi ya san bambancin rumbun ci da rumbun tsimi. Na gajimare shi ne na ci, wanda ake buɗewa kullum. Na tsimi kuwa faifan ajiya ne da ake saye a kasuwa, a kwafe komi a ciki, a naɗe shi a tsumma, a sa a akwati nesa da rana, ba a jona shi da wuta sai ranar ƙara sabon kaya. In da hali a yi biyu, ɗaya a Arlit, ɗaya a hannun wani ɗan ƙungiya a Agadas ko Tawa. Kuma tsohon hoto na takarda da kaset, bayan an kwafe su, kada a yar. Da mun san haka, da kawuna yana da muryar mahaifiyarsa har yau.

Ba zan ɓoye sauran wahalhalun ba. Kallon bidiyo na awa ɗaya yana iya cin giga guda na kuɗin intanet, kuma wannan mai kallo ne ke biya, ba ƙungiya ba. Maganinsa shi ne a rage nauyin bidiyon tun kafin a ɗora shi, a bar mai nauyin a faifan tsimi. Ƙaramin rumbu mai arha ba shi da ƙarfin da zai riƙa rage wa kowa nauyi lokacin kallo. Sauti da hotuna ba su da wannan matsala, kuma a ganina da su ya kamata a fara.

Sai maganar amana, wadda ta fi ta kuɗi girma. Bidiyon biki yana ɗauke da fuskokin matan mutane da ƴaƴansu. Wanda ya riƙe babban mabuɗin rumbu yana ganin komi, yana iya kwafar komi. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP mai lura da ita. Amma kafin doka akwai kunya. A nemi yardar mai biki kafin a sa bikinsa. A raba rumbun ɗaki-ɗaki, abin iyali ga iyali, abin gari ga kowa, manhajar tana da wannan tsari. Kowa ya sami kalmar sirrinsa dabam, kada a yi ta yawo da guda ɗaya a fada. Rumbun da aka bari da kalmar sirri mai sauƙi, ko aka daina sabunta manhajarsa, ɓarayin intanet suna gano shi, domin na'urorinsu ba sa barci.

Haka kuma ina roƙon samarin da za su yi wannan aiki, kada su maida rumbun tashar tura finafinan Kano da na Indiya da waƙoƙin mawaƙanmu. Na san jarabar tana da ƙarfi, kuma na san da yawa don wannan suke son koyon aikin. Amma mawaƙin Agadas da ɗan wasan Damagaram da guminsu suke ci, ofishin BNDA kuma domin haƙƙinsu aka kafa shi. Ban da haka, kamfanin haya yana rufe rumbun da aka kai ƙara a kansa, sai hoton kakanka ya tafi tare da fim ɗin da ba naka ba.

Ga ma'aikatan hukuma da ke karanta wannan shafi, magana biyu gare ni. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta maida SOMAÏR mallakar ƙasa, domin ta ga ya dace arzikin ƙasa ya zauna a hannun ƴan ƙasa. Aikin igiyar intanet ta ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa kuɗi a ciki, ya ƙunshi layin Arlit zuwa Assamaka har iyakar Aljeriya, ya kuma ƙunshi babban ɗakin ajiyar bayanai na ƙasa a Yamai. An tsara ɗakin ne domin ayyukan gwamnati, wannan daidai ne. Amma ina ganin ya kamata a keɓe wani sashe, ko a nan ko a wurin Niger Telecom da sauran kamfanonin sadarwa, inda ƙungiya ko lekol ko gidan rediyon gari za su yi hayar ƙaramin rumbu, su biya da sefa ta hanyar aika kuɗi da kowa ya saba da ita. In rumbun yana cikin ƙasa, takunkumi ba ya tsaida biyansa, kuma mai ƙara ya san ƙofar da zai buga.

Ta biyu ta shafi ma'aikatan yaƙi da jahilci da hukumar garin Arlit. Kwafe hoto aiki ne na saurayi mai salula, amma hoton da ba a rubuta sunan mutanen cikinsa ba, bayan shekara ashirin ya zama hoton baƙi. Wanda zai zauna gaban tsoho ya tambaye shi, wane ne wannan, wace shekara ce, a wace unguwa, ya rubuta da Hausa ko Tamajak, shi ne wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci. Waɗanda suka sauka ramin Akuta a 1978 suna samari, yau sun haura shekara 65, kuma ƙurar da suka shaƙa ba ta bar da yawansu da lafiya ba. Ɗaki guda a gidan samari, da kwamfuta guda, da na'urar kwafar hoto, da tsohuwar rediyo mai cin kaset, sun isa a fara.

Ƙungiyar da ta yanke shawarar yin wannan, kada ta bar hayar da sunan yaron da ya saita mata na'ura, ko da ɗan shugaba ne. Yaro yana samun aiki a Jado ko Libiya ya tafi, lambarsa ta daina shiga. A yi hayar da sunan ƙungiya, a rubuta babban mabuɗin a takarda biyu, a liƙe kowace a ambulan, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin magatakarda, a kuma rubuta ranar biyan haya a littafin taro kusa da ranar karɓar kuɗin wata.